Karatun Zane da Tarihin Fasaha a Jami'a: Asarar Shekaru Ko Jarin Al'umma?

Yau a shirinmu na faɗakarwa za mu tattauna ne a kan wani fannin karatu da iyaye da yawa ba sa ƙaunar jin sunansa idan lokacin cike takardar JAMB ya zo. Yaro ya ce likita yake so ya zama, gida ya ɗauki murna. Ya ce lauya ko injiniya, a sa masa albarka. Amma ya kuskura ya ce zane zai karanta, sai fuskar mahaifi ta canja, a tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau, tunda zai ɓata shekara huɗu a jami'a yana koyon abin da yaran firamare ke yi a bayan littafi. Matsayin da zan kare a wannan shiri shi ne, karatun zane da sassaƙa tare da tarihin fasaha ilimi ne cikakke, kuma guje masa da muke yi a ƙasar Hausa ya jawo mana asara iri biyu: wasu ne suke rubuta tarihin kayanmu, wasu ne kuma suke cin ribar ƙirarsu. Zan kawo hujjoji, sannan in ɗauki ƙorafin iyaye ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin ƙorafin akwai gaskiyar da ba za a ture ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake karantawa, domin yawancin masu sukar fannin ba su taɓa leƙa ajinsa ba. Karatun yana da ɓangare biyu da ke tafiya tare. Na farko shi ne aikin hannu a ɗakin aiki, inda ɗalibi ke shafe sa'o'i yana koyon auna abu da ido, da yadda haske da inuwa ke faɗuwa a kan jiki, da yadda ake haɗa launi, da yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa a kan takarda, da halin yumɓu da itace da ƙarfe da siminti. Duk aikin da ya gama sai an kafa shi a gaban malamai da 'yan aji an feɗe shi, shi kuma ya kare dalilin kowane layi da ya ja. Na biyu shi ne tarihin fasaha, wato karatun littafi da bincike: wa ya yi wannan abu, yaushe, da wane kayan aiki, don wa aka yi shi, me yake nufi a wurin mutanen zamaninsa, kuma ta yaya za a bambanta na gaske da jabu. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, alal misali, ɗalibin sashen zane yana iya ƙwarewa a fenti, ko sassaƙa, ko tarihin fasaha, ko koyar da fasaha, sannan akwai wani sashe maƙwabcinsa da ke koyar da tsara yadi, da ginin tangaran, da aikin gilashi, da zanen ɗab'i. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai hannu marar tarihi yakan ƙare a kwaikwayon abin da ya gani, mai tarihi marar hannu kuma yakan yi bayani a kan abin da bai san wahalar yin sa ba. Haɗa biyun shi ne abin da jami'a take bayarwa.

Hujja ta farko a nan gida take. A shekarar 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da reshenta na Zariya ya zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Galibin malaman sashen Turawa ne, manhajar kuma ta Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa kira 'Yan Tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi firamare a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Tawayen nasu na tunani ne. Cewa suka yi za su karɓi dabarun da Bature ya zo da su, amma za su aurar da su da fasahar iyayensu, kuma kowannensu ya koma ya binciki ta ƙabilarsa. Okeke ya nazarci zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya je ya gina wa Jami'ar Nsukka salon da ta shahara da shi. Grillo ya jagoranci koyar da zane a Kwalejin Yaba ta Legas shekaru da dama. Nwoko ya nazarci kayan yumɓun Nok har ya gina wurin gashi irin nasa don ya gano yadda mutanen wancan zamani suka yi su, daga baya ya koma tsara gine-gine, aka kuma ba shi babbar lambar yabo a baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Duk wanda ya duba rayuwar mutanen nan zai ga cewa tarihin da suka bincika shi ne ya ciyar da hannunsu. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, a ƙofar gidanmu aka haifi fasahar Najeriya ta zamani, amma fitattun sunayen wancan aji kusan duk daga Kudu suka fito. Ba wanda ya hana 'ya'yanmu shiga. Mu ne ba mu tura su ba.

To, me wannan ya jawo? Mu dubi Nok. A 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani mutum-mutumin gasasshen yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yau. Sai a shekarun 1940 wani Bature mai suna Bernard Fagg ya gane cewa waɗannan abubuwa da ake tsinta nan da can aikin al'umma ɗaya ne, kuma shi ne ya kafa gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Bincike ya tabbatar da cewa an yi su ne ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma suna cikin mafi daɗewar sassaƙe-sassaƙe a Afirka kudu da Sahara. Babban binciken baya-bayan nan a kansu, wanda aka fara a 2005, Jami'ar Frankfurt ta Jamus ce ta jagorance shi. A tsakanin wannan lokaci ɓarayin kayan tarihi sun tone wurare ba adadi, ana sayen kan mutum-mutumi a hannun manomi da kuɗin da bai kai ya kawo ba, a fitar da shi ta ɓarauniyar hanya. Har gidan tarihi na Louvre a birnin Faris ya baje wasu a shekarar 2000, abin da ya tayar da ƙura sosai. Akwai wasu irinsu da dillalan Turai ke kira salon Sakkwato da salon Katsina, waɗanda duniya ta san su ta hanyar kasuwa, ba ta hanyar haƙar masana ba. Idan aka cire abu daga ramin da ya kwanta ba tare da an rubuta abin da ke kewaye da shi ba, tarihinsa ya tafi har abada, ko da an dawo da shi daga baya. Masanin da zai tsaya a bakin ramin ya hana wannan ɓarna, a sashen tarihin fasaha da na binciken kayan tarihi ake horar da shi.

Wani zai ce Nok ta yi nisa da mu, to mu dawo cikin birni. Babban masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, a farkon rabin ƙarni na 19, masana sun ɗauke shi a matsayin ƙololuwar ginin ƙasa na Hausawa, saboda yadda aka ɗaure bakan gizonsa da azara aka ɗora tulluwa a kai. Wanda ya bi shi ya auna shi lungu-lungu ya zana shi a takarda wani masanin gine-gine ne ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, har aka gina kwafinsa a Jos. Da wani sashe na masallacin ya rufta a watan Agustan 2023, aka yi asarar rayuka, Allah Ya jiƙansu, kowa ya ga amfanin a ce akwai cikakken zane da awo na irin waɗannan gine-gine, da kuma masanan da za su riƙa duba lafiyarsu. Haka abin yake a ɗinkin babbar riga. Aska takwas da aska biyu da dagi da sauran zanen surfani, wanda ya zauna da maɗinka ya tattara su ya yi digirin digirgir a kansu shi ne David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar da tarihin fasaha a Zariya, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Muna gode musu, kuma akwai 'yan ƙasa da suka ɗora a kan aikinsu. Sai dai kowa ya san cewa tsohon magini ko maɗinki zai faɗa wa ɗan garinsu, da harshensu, abin da ba zai faɗa wa baƙo ta bakin tafinta ba. Kullum tsofaffin nan tafiya suke yi da abin da ke cikin kansu.

Yanzu sai ƙorafin farko, wanda shi ne mafi nauyi: ina aikin yi? Uba ya sayar da hatsi ya biya kuɗin makaranta, yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya. Gaskiyar magana, kaɗan ne suke rayuwa da sayar da zanen da ake ratayawa a bango, kuma kasuwar hakan a Legas da ƙasashen waje take. An sayar da hoton Tutu na mai zane Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1.2 a wani gwanjo a Landan a 2018, amma yaudara ce a nuna wa yaro wannan a ce nan zai kai. Kayan aiki ma suna da tsada, fenti da buroshi da ƙyalle duk aljihun ɗalibi ne. Sai dai tambayar tana da kuskure a gindinta, domin ta ɗauka cewa aikin mai zane shi ne yin hoto kawai. Mai sauraro ya waiwaya inda yake zaune. Kwalin maganin da ke kan teburi, tambarin da ke jikin buhun shinkafa, hotunan littafin ɗansa na firamare, allon tallar da ke bakin titi, fastar rigakafin da aka manna a asibiti don wanda bai iya karatu ba, adon ɗakin da ake ɗaukar fim ɗin Kannywood, fuskar manhajar bankin da ke cikin wayarsa, kowanne akwai wanda ya zauna ya tsara shi aka biya shi. Ga koyarwa a makarantu, ga aiki a gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano. Sannan a wannan zamani da masu digiri a fannoni da dama ke yawo da takardu a hannu, wanda ya fita jami'a da sana'a a yatsunsa yana iya buɗe shago ba tare da ya jira gwamnati ba.

Akwai ma abin da ya fi aikin mutum ɗaya girma. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da birnin da yadinsa na saƙi da rini ke kaiwa har Timbuktu da gaɓar Bahar Rum. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna saye da sunan fatar Maroko, saboda ta can take bi. Har yau fatarmu tana fita a jeme, a kai ta Italiya da Sifen, wani ya zana mata siffar jaka ko takalmi, ya sa mata suna, farashinta ya ninka sau da yawa. Masaƙun Kaduna da Kano galibi sun durƙushe, atamfar da matanmu ke ɗaurawa da hular da mazanmu ke sawa da yawa daga waje ake kawo su, wani lokaci da zanenmu a jiki. Dukawanmu da marinanmu na Ƙofar Mata ba su rasa gwaninta ba. Abin da suka rasa shi ne abokin aiki wanda ya san tsohuwar ƙira, ya san abin da kasuwar yau ke so, ya kuma iya fitar da sabon samfuri duk shekara. A kayan masarufi na zamani, riba mafi tsoka tana wurin mai tsara siffa, mai sayar da ɗanyen kaya kuwa ragowa yake samu. Al'ummar da ta hana 'ya'yanta karatun tsara siffa ta zaɓi ragowar da hannunta.

Ƙorafi na biyu na addini ne, kuma ba abin wasa ba ne. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai, malamai kuma sun yi maganganu masu faɗi a kan bambancin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke kan takarda, da abin da ake yi don koyarwa ko lalura. Wannan fage ne na malamai, kowa ya nemi fatawa a wurin wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan ce shi ne, ko a kan fatawa mafi tsauri, ƙofar fannin ba ta rufe ba. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar hoto da ya koma zana bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Daga irin wannan fahimta Musulmi suka gina ɗaya daga cikin manyan fasahohin duniya. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, shi ya shimfiɗa ƙa'idar auna haruffan Larabci da ɗigon alƙalami. Adon fadar Alhambra a Andalus lissafi ne tsantsa da ake koyarwa a jami'o'in duniya. A nan yankinmu ga zayyanar allon mai sauka, ga rubutun Alƙur'ani da hannu na alarammomin Kano da Borno, ga masallacin Agadas, ga masallacin Yama a yankin Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa ya kuma ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ɗalibin da zuciyarsa ba ta natsu da sassaƙa mutum ba yana iya karkata ga yadi, ko tangaran, ko zanen ɗab'i, ko tarihi, amma ya sani tun farko cewa a azuzuwan farko akan zana mutum, don ya yi shawara da idonsa a buɗe. Nazarin kayan mutanen da suka shuɗe kuwa ba bauta musu ba ne, kamar yadda malamin da ke karantar da tarihin Jahiliyya bai zama ɗan Jahiliyya ba.

Ƙorafi na uku shi ne, zane baiwa ce, mai baiwa ba ya buƙatar jami'a, ya je wurin ubangida ya koya kamar yadda aka saba. Lalle Babban Gwani bai yi jami'a ba, kuma koyon sana'a a gaban gwani hanya ce mai daraja da ba za a raina ba. Amma tarihin Ladi Kwali ya nuna abin da ke faruwa idan gado ya haɗu da ilimi mai tsari. Ta koyi ginin tukwane a gida irin na matan Gbagyi, ta shahara har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tangaran da Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yau. A can ta koyi aiki da keken juya yumɓu, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a wuta mai tsananin zafi, ba tare da ta yar da siffar tulunta da zanen ƙadangare da kifi da take yi masa ba. Tukunyar ɗiban ruwa ta zama abin da ake baje kolinsa a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Ubangida abin da ya sani yake koya maka, kuma iyakar saninsa ita ce iyakarka. Makaranta tana nuna maka abin da ɗaruruwan gwanaye suka gwada a wurare da zamunna daban-daban, ta koya maka sinadarin kayan aikinka, ta kuma koya maka rubuta bayanin aikinka da kare farashinsa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne, tarihin fasahar da ake koyarwa na Turawa ne, sai Leonardo da Michelangelo. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin littattafan da yawa a can aka rubuta su. Amma maganin hakan shi ne mu shiga mu rubuta namu. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga kan tagulla da kawunan yumɓu na Ife, kyawunsu ya sa ya ƙi yarda cewa baƙar fata ne ya yi su, ya jingina su ga wata ɓatacciyar al'umma daga wajen Afirka. Bincike ne ya rusa wannan magana, ba zagi ba. Kayan fadar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar sama da 1,100 daga cikinsu, kuma masu bin diddigin asalin kowane abu suna cikin waɗanda suka share hanyar hakan. Idan kayan sun dawo, wa zai adana su, wa zai gyara wanda ya tsage, wa zai yi wa yaran makaranta bayani? Haka nan masu cewa kwamfuta ta fara zane da kanta, don haka fannin ya mutu, su lura cewa na'urar abin da aka ɗora mata take juyawa. Inda ba a rubuta dagi da zanko da aska takwas yadda ya kamata ba, za ta haɗa maka gidan Bahaushe da adon wata ƙasa, kuma sai mai ilimin ne zai gane an yi kwaɓa.

Saboda haka, iyaye, idan Allah Ya ba ku yaro ko yarinyar da hannunsa ba ya rabuwa da fensir, kada ku kashe masa gwiwa da dariya. Ku kai shi ya ga sashen zane na jami'a ko kwalejin ilimi mafi kusa, ya yi magana da malamai da waɗanda suka gama, a lissafa kuɗin kayan aiki tun kafin a shiga. Ɗalibai, ku sani fannin nan ba mafakar wanda ya faɗi lissafi ba ce. Yana buƙatar karatu mai yawa da juriya, kuma ku haɗa shi da ilimin kwamfuta da na kasuwanci, ku ɗauki aikin bincikenku na ƙarshe a kan magina da marina da dukawan garinku tun suna raye. Gwamnatocin jihohi da masarautu da masu hannu da shuni kuma, ku ɗauki malaman zane a makarantun sakandare, ku ware gurbin tallafin karatu ga wannan fanni kamar yadda ake ware wa sauran. A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.